Gonar Tanko

Na gaji da tambaya ɗaya. Duk wanda ya tasa a cikinku ya fara wayo sai ya zo ya tsuguna ya ce, Baba, wane ne Tanko? A danginmu babu Tanko, amma gonar nan ta bayan kuka, a kan hanyar Tudun Kaya, kowa gonar Tanko yake ce mata. Na kuma san abin da wasu ke raɗa muku a wajen biki, wai na cinye gonar ɗan'uwana. To ga amsa, sau ɗaya zan rubuta ta. Karatuna bai yi nisa ba, in kun ga harafi ya karkace ku miƙe shi da kanku, ai domin haka na sa ku makaranta.

Gonar ta yayana ce, Habu, ɗan farin Inna kakarku. Shekarar da aka yi farin nan, dawa ta bushe a tsaye, ya ɗaure 'yan kayansa ya tafi ci-rani kudu, ya ce da ruwan shuka zai dawo. Ruwan shuka ya sauka, ya sake sauka, shekara na bin shekara, babu Yaya Habu. Labari kam mun sha shi. An ce an gan shi a Ikko yana dako. An ce a'a, ya haye Kamaru. An ce ya nufi gabas zai je Makka. Kullum an ce, ba a taɓa samun wanda ya ce ni na gan shi da idona ba. Ku 'yan yanzu ba za ku gane nauyin abin ba, domin uwarku tana ƙwala wa babbanku kira da sunansa har maƙwabta su ji. Inna ba haka take ba. Tun da ta haifi Yaya Habu ba ta taɓa faɗin sunansa ba, kunyar ɗan fari. Ba ta tambayar labarinsa, ba ta kuka a gaban mutane, in an zo da wani sabon an ce sai ta tashi ta hau tankaɗe. Abu ɗaya ta yi, ta hana a sa wa gonarsa fartanya.

"Mai ita bai ce a noma ba," in ji ta. Maganar ke nan, ba ƙari.

Gona ta zama saura, sabara ta cika ta, zomaye suka yi gida. Ni kuwa a lokacin ko a jikina, domin ba na son noma. Na yi 'yan shekaru a Kano ina wanke injin janareta a wani gareji, na dawo da tsohuwar talabijin, da bidiyo, da ƙaramin janareta mai tari kamar tsohon mashayin taba. Na kafa rumfar zana a gefen kasuwar Ƙaraye, na jera benci. Ranar kasuwar Rogo kuma in ɗora kayan a a-kori-kura in je can in kafa. Masu rumfa irin tawa duk fina-finan Indiya da na faɗan 'yan Cana suke sawa, ni ma da su na fara. Wata rana mai shagon da nake sayen kaset a Kano ya turo mini wani kwali cike da kaset da ƙafa, ya ce in ɗauka gyara ne, ya gaji da tuntuɓe da shi. Wai ɗalibai ne da suka yi karatu a ƙasashen waje suka dawo da su, ba wanda ke so, domin ba Turanci ba Indiyanci, kuma duk labarin sama ne.

Da na zo na bi su ɗaya-ɗaya na ga abin mamaki. Akwai na Japanawa, wata ƙatuwar bushiya ta faɗo daga tauraro tana birgima a kan gari, kana ganin ɗinkin rigar bushiyar a bayan mutumin da ya sa ta. Akwai na Turkawa, kumbonsu kamar an kifa kwanon sha a kan ɗan'uwansa, jarumin yana dambe da mutum-mutumin ƙarfe mai tukunya a ka. Akwai wani tsoho baƙi da fari wanda ba a magana a ciki sam, mutane masu dogayen huluna suna gina birni a ƙarƙashin ruwa. Sai na Rashawa da maƙwabtansu, waɗanda mutum zai tsaya yana kallon taga har ka shanye sandar rake bai juyo ba. Na ce a raina wannan kwali asara ce. Amma wata rana injin ya cinye mini kaset ɗin Indiya ana tsakiyar waƙa, rumfa cike, na rasa abin yi, na cusa na bushiya. Mutane suka fara ihu ba sa jin abin da ake cewa. Sai na miƙe na tsaya a gefen talabijin na fara faɗa musu.

Kada ku tambaye ni a ina na iya Japananci. Ban iya ba, kuma babu wanda na ce wa na iya. Ina kallon fuska ne da hannu, in sa musu magana a baki. Soja ya buga tebur, in ce, yana cewa wa ya bar ƙofar gari a buɗe? Likita ya gyara tabarau, in ce, yana cewa ranka ya daɗe wannan dabba ba ta jin harsashi sai dai a nemo mata gyaɗa. Rumfa ta ɗauki dariya. Akwai abokina Garba Mai Faci, shi ne ƙaya a ƙafata, kullum yana bencin gaba.

"Ƙarya kake, Ɗanlami! Mutumin ya yi magana mai tsawo, kai ka ce wai to."

"Haka yarensu yake, Garba. To ɗinsu doguwa ce."

"Allah ya shirye ka. Ci gaba."

Daga nan aka laƙaba mini Tafinta. Abin da ban zata ba shi ne dattawa. Da suka ji cewa a rumfata babu rawa babu rungume-rungume, sai 'yan sama jannati da duniyoyin da ba a sani ba, suka fara leƙowa bayan la'asar, wai sun zo neman jikokinsu. Sai ka ga tsoho ya zauna a bakin benci yana jan carbi, ya ce, yanzu su a can saman me suke shukawa? Wani ya ce ba ƙasar noma ba ce, dubi jar tsakuwa, ko gero ba zai yi ba. A yi ta musu har a manta da fim. Wani tsoho daga Gwangwan yakan zo Rogo ranar kasuwa ba don ya sayi komai ba, sai don ya ga ko an gama gina birnin ƙarƙashin ruwa. Ban taɓa jin daɗin sana'a kamar wannan lokaci ba.

A cikin kwalin akwai wani kaset maras hoto a jiki, shi ne tushen maganar nan. Wani mutum ne mai manyan kunnuwa, 'yan rumfa suka sa masa Tanko. An kai shi wani ƙaramin dutse can tsakiyar taurari, inda kumbuna ke yada zango su sha ruwa, shi ne mai kula da rijiyar. Sai aka canza hanya, kumbuna suka daina zuwa, aka manta da shi. Shi kuwa bai fasa ba, kullum da safe ya zura guga ya jawo ruwa, ya duba, ya mayar, ya share bakin rijiya. Can ƙasa kuma ana nuna wata mace mai ɗankwali, kullum ta zuba abinci kwano biyu, ta ci ɗaya, ta rufe ɗaya. Ni na ce matarsa ce. Ana nan ana nan, sai ga wani haske ya ɓullo daga nesa, Tanko ya saki guga ya miƙe tsaye. Daidai nan hoto ya yi tsalle, sai ga wani ƙaton Bature da farar hula yana yanka kabeji. Wani mara imani ya ɗora shirin girki a kan ƙarshen fim ɗin. Ranar farko saura kaɗan a rushe mini rumfa. Garba ya ce in dai ni tafintan gaske ne in tambayi mai kabejin ina Tanko.

Inna ba ta taɓa zuwa rumfa ba, mata ba sa zuwa. Amma da uwarku ta haifi babbanku, kwana biyu bayan suna, matan gida suka matsa in kawo musu kallo su ma. Na kafa talabijin a ɗakin Inna da hantsi, na ja waya ta taga. Bayan an gama na Indiya suka ce a sa musu irin na maza su gani, na sa na Tanko. 'Yan mata suka yi ta dariyar kunnuwansa, wasu suka fice. Inna ce kaɗai ba ta motsa ba. Na zo wurin mai ɗankwali ina cewa ga matarsa nan tana kewar miji, sai na ji muryarta daga kan gado.

"Ba matarsa ba ce."

"Inna, ni ne fa tafinta."

"Tafintan banza. Ga hotonsa nan a bango, tun ɗazu ba ta kalle shi ido da ido ba, sai dai ta goge ta wuce. Uwarsa ce."

Da mai kabeji ya fito ta dube ni, ta ce ina sauran. Na ce babu. Ta ce in sake sawa daga farko. Daga ranar Inna ta samu bakin magana. Matar da ba ta taɓa tambayar ɗanta ba, sai ga shi ina cin tuwo tana cewa, yanzu shi Tanko wa ke yi masa wanki? In an yi sanyi ta ce ko Tanko yana da bargo. Uwarku takan dube ni, ni in dubi kwano. Duk mun san wanda ake nufi, kuma ba wanda ya isa ya ce ya sani.

A bazarar nan ce mai unguwa ya aiko. Ana aikin dam a lokacin, mutanen da ruwa zai ci gonakinsu suna neman wuri, ya ce duk gonar da damina ta same ta ba a share ba za a ba da aronta ga mai buƙata. Bai yi laifi ba, mutane na da iyali. Amma kun san aron gona, shigarsa da sauƙi, fitarsa sai an je gaban alƙali. Na gaya wa Inna ko dai mu noma ko ta tafi. Ta ce mai ita bai ce a noma ba, ta juya ta ce, shin hasken nan da Tanko ya gani, na masu ɗaukarsa ne? Na ga dama ta samu. Na gyara murya na ce ai na ji labari a Kano, sun ɗauko shi, ya dawo ya tarar an noma masa gona, ya yi ta sa albarka. Ta kalle ni har na ji kunnuwana sun fi na Tanko girma.

"Ka gani da idonka?"

"An ce dai..."

"An ce. Na ƙoshi da an ce, Ɗanlami. In akwai wanda ya gani, kawo shi."

Na rufe rumfa na shiga nema, lokacin kuwa shi ne kasuwar kallo ta fi ci, kafin mutane su koma gona. Na koma Kano, mai shago ya ce bai ma san ya taɓa mallakar kaset ɗin ba. Na kunna wa wani malamin sakandare, ya ce wannan ba Turanci ba ne ba Faransanci ba. Na kunna wa wani alhaji da ya daɗe a Makka ya ji yaruka, ya ce bai taɓa jin alhazan ƙasar nan ba. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, masu rumfa na kusa da ni sun kwashe mini mutane. Sai Garba, wanda ke yi wa motocin dam faci, ya zo yana haki.

"Tafinta, akwai wani Bature bakanike a wajen aikin. Jiya ƙarfe ya faɗo masa a ƙafa. Wallahi abin da ya faɗa shi ne abin da Tanko ke faɗa in guga ta suɓuce masa."

Leburori suna kiransa Gemu. Ƙato ne, ja, ya daɗe yana aiki a Arewa har ya tsinci Hausa irin ta kasuwa. Ƙasarsu tana can gefen Rasha, sunanta bai taɓa zama a bakina ba. Garba ya lallaɓo shi ranar hutu, na buɗe rumfa, labari ya bazu, wuri ya cika har waje. Ina kunnawa, kiɗan farko kawai ya ji, ya dafe kai ya yi wata ƙara. Ya ce yana yaro babansa ya kai shi ya gani, a garinsu, ana ƙanƙara. Ya zauna yana bin maganar da bakinsa, hawaye na shiga gemu. Ni kuma don in nuna gwaninta na fara aikina, na ce ga matarsa nan. Gemu ya juyo.

"Mata? Babu mata. Mama! Wannan mama na shi."

Ku tambayi duk wanda ya kai shekaruna a Ƙaraye, zai gaya muku ihun da aka yi. Garba ya faɗo daga benci. Har yau in na yi musu da shi a kan wani abu sai ya ce, yi shiru, kai da ka aurar wa mutum uwarsa.

Washegari muka kai Gemu gida. Inna ta fito zaure da mayafinta, ta zauna a kan tabarma, aka kawo masa fura, ya sha ya shafe gemu. Bayan gaisuwa, wadda ya amsa duk da lafiya lau har da inda ba a nan take ba, ta ce in tambaye shi ko da idonsa ya gani. Ya nuna idanunsa da yatsu biyu. Ba ta yarda nan da nan ba, sai da ta gwada shi kamar mai shaida a gaban alƙali. Ta ce to me Tanko ke yi kowace safiya? Ya miƙe, kansa na taɓa rufin zaure, ya yi kamar yana jan guga, ya leƙa, ya mayar. Ta ce, ya gani. Faɗi.

Hausarsa ba ta isa ba, sai ya haɗa da jiki. Ya ɗauki bokitin alwala ya kifa a ka, ya zama Tanko. Ya cire, ya ja ciki yana haki da harshe a waje, ya zama mutanen cikin hasken. Ashe ba masu ɗaukarsa ba ne, wani kumbo ne ya ɓata hanya, cike da mata da yara, ƙishirwa na shirin kashe su. Da rijiyar ta mutu da sun mutu. Ya shayar da su, suka ce ya zo su kai shi gida. Gemu ya mayar da bokiti a ka, ya girgiza shi hagu da dama.

"Shi ce, ni tafi, wani zo, wa ba ruwa? Shi zauna. Shi ba yaro kwalba, ruwa na rijiya. Shi ce, kai wa mama."

"Ta samu?" in ji Inna. Ba ta jira na fassara ba.

"Ta samu. Ta sha. Abinci na biyu, ta ba yaro. Yaro ci duka!"

Ya shafa tumbinsa. Matan da ke laɓe a bayan ƙofa suka fashe da dariya, Inna ma ta yi, ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Ta daɗe a haka, ban tabbata duka dariya ce ba. Da ta sauke mayafin ta ce, ba da kowa take ba, ashe aiki ne ya riƙe shi. Shi ya samu mai zuwa ya ba da saƙo, wani kuwa bai samu mai zuwa ba ne kawai. Sannan ta dube ni.

"Ka ga dalilin da yake jan ruwan nan kullum? Rijiyar da ba a ɗiba mutuwa take yi. Ka kira gayya. A share gonar Tanko, in ya zo ya tarar da hatsi, ba sabara ba."

Ban taɓa ganin gayya irin wannan ba. 'Yan rumfata kaf suka zo da gatari da fartanya, har tsohon nan na Gwangwan ya hau mota ya zo, bai iya sassabe ba amma ya zauna a gindin kuka yana ba da umarni. Makaɗa suna kiɗa, mata na kawo kunu, duk wanda ya tono kututture sai ya ɗaga ya ce ga bushiyar Japan. Gemu ya zo da motarsu, ya karɓi gatari, ya sare sabara kamar yana da tsohuwar gaba da ita, bayan ɗan lokaci ya zama ja kamar gauta aka kwantar da shi a inuwa ana yi masa fifita. Ruwan shuka ya same mu a shirye. Da kaka Inna ta sa aka ware damin farko aka ajiye daban a rumbu, ta ce na mai gona ne. Da shekara ta zagayo bai zo ba, ta ce a ba wanda ya zo da yunwa, a ajiye sabo.

Rumfa ba ta sake komawa yadda take ba. Gona ba ta son kishiyar sana'a, mutanena kuma sun saba da wasu wurare, daga baya ma fina-finan Hausa suka fito ba mai neman tafinta. Na sayar da janareta na sayi garma. Ni da na gudu daga noma, ga ni yau bayana ba ya miƙewa sai na dafa bango. Ban yi da-na-sani ba, amma kada wani ya ce muku a banza na samu. Kwalin yana nan a ƙarƙashin gadona, zaren kaset ɗin duk ya manne, ba abin da zai kunna su.

Inna ta rasu ba ta faɗi sunan ɗanta ba ko sau ɗaya, amma ta faɗi Tanko ya fi a ƙirga, da bakinta a sake, tana dariya. Yaya Habu bai dawo ba har yau da nake rubutun nan. Saboda haka ku ji da kyau. Gonar ba tawa ba ce, ba kuwa taku ba ce, riƙo muke yi. Ku noma ta, ku ci, ba a hana ku ba. Amma damin farko na mai gona ne. In wani tsoho ya yi sallama wata rana, ko wani yaro da ba ku sani ba ya zo da saƙo a hannu, kada ku tsaya tambayarsa takarda. Ku buɗe rumbu, ku zuba masa kwano na biyu.